Sukudireba a Jakar Yaya

A gida Auta ake ce mata. A makaranta kuwa Me-ya-sa, domin ba a rufe baki ba ta jefo tambaya. Malamin Kimiyya yakan ce, duk ranar da ta yi shiru a taɓa goshinta, ƙila zazzaɓi ne.

Wata rana makarantarsu ta gayyaci manya su yi wa yara bayanin aikinsu. Likita ya zo, mai gyaran wuta ya zo. Amma wadda ta tafi da hankalin Auta wata 'yar sanda ce, mai binciken wurin da aka aikata laifi. Nan take yara suka sa mata suna Anti Sufeto.

Anti Sufeto ta buɗe wani baƙin akwati a kan tebur. Akwai safar hannu a ciki, da kyamara, da rula, da ambulan na takarda, da buroshi mai laushi, da baƙar hoda. Ta ba Malamin Kimiyya kofi ya riƙe, ta karɓa, ta shafa hodar a hankali. Sai ga zanen yatsunsa ya fito sarai a jikin kofin.

Yara suka ce sun kama Malam. Shi kuma ya ɗaga hannu sama, ya ce ya amsa laifinsa, a yi masa sassauci.

Anti Sufeto ta ce, "Abu na farko, kada ka taɓa komai da hannunka. Yatsunka za su bar zane a kan na mai laifi."

Auta ta dubi yatsunta. Ta jawo hannun ƙawayenta, ta shiga gwada nata da nasu. Ta fara ganin kanta cikin farar safar hannu, mutane suna matsa mata hanya. Anti Sufeto ta ci gaba da magana, ta daɗe tana yi. Amma sauran bayanin bai shiga kunnen Auta ba.

Auta tana da yaya a ajin ƙarshe. Abokansa Dogo suke ce masa. Shi Malamin Kimiyya ya ba kula da ɗakin gwaje-gwaje. Shi ke share kwalabe, shi ke goge sabon madubin kimiyya, wanda ke mayar da ƙwayar gishiri kamar dutse. Jarrabawar fita ta matso, kullum yana kan littafi.

Wata safiya ruwa ya sauka kafin gari ya waye. Ranar Auta ce ke da shara a makaranta, don haka ta riga kowa shiri. Yaya zai biya ta shagon Baba ya kai saƙo, sai ya miƙa mata jakarsa ta ƙwallo.

Ya ce, "Riƙe mini. Kada ki buɗe, warin safa zai sumar da ke."

Ta ce ai ko ba a buɗe ba, kajin unguwa sun fara gudu.

Da ta isa makaranta ba kowa sai mai gadi a bakin ƙofa. Ta gaishe shi, ta ɗauki tsintsiya da bokiti, ta zaga bayan ɗakin gwaje-gwaje. Nan ta tsaya cak.

An ɓanɓare tagar. Sabon koren fentin da aka shafa mata ya kankare a gefe ɗaya. Ta leƙa ciki daga nesa. Teburin madubi ba komai a kansa.

A ƙasan tagar, cikin laka, ga wata sukudireba a kwance. Bakinta duk koren fenti. Can gefe kuma ga sawun babban takalmi, ya nutse sosai.

Auta ta dubi sama, hadari bai gama watsewa ba. Ta tuna yadda yara ke bi ta nan da gudu. Sai ta zubar da ganyen da ke cikin bokiti, ta kifa shi a kan sawun.

Daga nan ta koma kan sukudirebar. Mai gadi yana can bakin ƙofa, kira ɗaya zai ji. Har ta buɗe baki, sai ta fasa. Idan ta kira shi, shi zai gaya wa Shugaban Makaranta, Shugaba ya gaya wa 'yan sanda. Ba wanda zai tuna da ita. Amma idan ita da kanta ta miƙa wa Anti Sufeto fa?

Ta ce a ranta, "An ce kada a taɓa da hannu. To, ba zan taɓa da hannu ba."

Ta zuge jakar Yaya, ta zaro safa ɗaya, ta zura hannunta ciki. Ta durƙusa a laka ta ɗauki sukudirebar. Ta juyo safar a kanta, ta naɗe tamau, ta cusa can ƙasan jaka. Ta miƙe tana jin daɗi, kamar ta ci jarrabawa.

Ba a jima ba makaranta ta cika, labarin tagar ya bazu. Auta tana tsaye tana jiran ganin motar 'yan sanda, sai ta ji an fizge jakar daga kafaɗarta. Abokin Yaya ne, wanda ake kira Gajere.

Ya ce, "Kawo, Me-ya-sa. Kayan manya sun fi ƙarfinki."

Ya tafi da jakar zai kai wa Yaya. Ta bi shi, amma aka kaɗa ƙararrawa. Malamar ajinsu ta tare ta, ta ce kowa ya shiga layi.

Shugaban Makaranta ya fito fuskarsa a ɗaure. Ya ce an shiga ɗakin gwaje-gwaje, an ɗauke madubi. Ya ce kafin 'yan sanda su iso, za a duba jakar kowa, daga ajin ƙarshe za a fara.

Auta tana kallo aka zo kan Yaya. Tana kallo Malamin Kimiyya ya zazzage jakar. Riga ta faɗo, takalmi ya faɗo, sai safa a dunƙule. Malam ya warware ta. Sukudireba ta faɗi a kan siminti, kowa ya ji ƙararta.

Fili ya yi tsit. Malam ya dubi koren fentin, ya dubi Yaya. Idonsa ya canza.

Yaya ya ce, "Malam, ban taɓa ganinta ba."

Wani daga baya ya ce ai shi ya san inda ake ajiye madubin. Wani ya ce masu shiru-shiru ɗin nan sai a hankali. Aka wuce da Yaya ofis.

Auta ta fita daga layi ta bi su. Ta tsaya gaban teburin Shugaba, ta faɗi duk abin da ta yi. Shugaba ya saurara har ta gama. Sai ya tambaye ta wa ya gan ta lokacin da ta ɗauka. Ta ce ba kowa. Ya tambaye ta wa ta gaya wa. Ta ce ba kowa.

Ya cire tabarau ya ce, "Yarinya, na san kina son ɗan'uwanki. Kowace ƙanwa haka za ta faɗa."

Sannan ya juya ga Yaya. Ya ce idan ta tabbata shi ne, ba zai zauna jarrabawar fita a makarantar nan ba.

A nan Auta ta gane wani abu mai ban tsoro. Gaskiya ta faɗa, amma ba ta da abin da za ta nuna.

Hantsi ya fara ɗagawa lokacin da Anti Sufeto ta iso da baƙin akwatinta da abokin aikinta. An kira Baba daga shago, yana zaune a benci kusa da Yaya. Kafin Anti ta yi magana da kowa, sai da ta sa aka zagaye bayan ɗakin da igiya. Ta ce ko Shugaba kada ya tsallaka. Ta tambayi sunan duk wanda ya taka wurin tun safe.

Sai ta zauna ta saurari Auta.

Auta ta ce, "Anti, kin yarda da ni?"

"Ban ce na yarda ba, ban ce ban yarda ba. Zo mu je mu tambayi ƙasa."

Ta tsayar da Auta a bayan igiya, ta ce ta nuna da yatsa kawai. Ita kuma ta sa safar hannu, ta bi ta gefen bango inda ba laka. Ba ta taɓa komai ba tukuna. Ta ɗauki hoto daga nesa. Ta matsa ta ƙara ɗauka. Ta ajiye rula a ƙasa, ta ɗauki wani daf da daf.

Auta ta kasa haƙuri. Ta ce me ya sa ake sa rula.

Anti ta ce don wanda bai zo wurin ba ya san girman abu. Hoto shi kaɗai yana iya mayar da allura sanda.

A ƙasan tagar akwai wani siririn gurbi a cikin laka, da faɗi a kai ɗaya. Anti ta auna shi, ta auna sukudirebar da ke cikin ambulan. Tsawonsu ɗaya. Kusa da gurbin ga sawun ƙaramin takalmi, ga kuma inda gwiwa ta nutse. Anti ta dubi siket ɗin Auta. Laka ta bushe a daidai gwiwa.

Ta ce wa Shugaba, "Sukudirebar nan ta kwanta a nan bayan ruwa ya jiƙa ƙasa. Kuma yarinya ta durƙusa a gabanta. Wannan ɓangaren maganarta ƙasa ta shaida."

Auta ta sauke ajiyar zuciya. Ta ɗauka magana ta ƙare.

Anti ta nuna bokitin, ta tambayi na waye. Auta ta ce nata ne, ita ta kifa. Anti ta ɗauki hotonsa, sannan ta ɗaga shi a hankali. Sawun yana nan lafiya lau, ko yayyafin da aka ƙara bai taɓa shi ba. A dundunyar akwai wata 'yar tsaga, kamar an yanke da wuƙa.

Abokin aikinta ya dama wani farin gari da ruwa, ya zuba a cikin sawun. Da ya sandare suka ɗago shi. Sai ga ƙasan takalmin ɓarawo a hannunsu, har da tsagar.

Aka gwada da takalman Yaya, na ƙafarsa da na jaka. Ba wanda ya yi daidai. Gajere, da ke leƙe ta bayan igiya, ya ce dama ƙafar Dogo ba ta da sa'a sai kwale-kwale. Ba wanda ya yi dariya sai Baba, shi ma kaɗan.

Saura sukudireba. Anti ta shimfiɗa farar takarda, ta shafa baƙar hoda a kan mariƙin. Auta ta ƙura ido tana jiran zanen yatsa ya fito kamar na kofin Malam. Ba abin da ya fito sai dabbare-dabbare.

Auta ta ce, "Amma ban taɓa da hannu ba."

"Ba ki taɓa da hannu ba, gaskiya ne. Amma kin naɗe ta a safa, kin matse, ta yi ta gogayya a cikin jaka. Safar ta share zanen tas. Dubi nan." Ta nuna wasu ƙananan zare da suka maƙale a fentin. "Da safe, da na tambayi ƙarfen nan wa ya riƙe shi, da ya gaya mini. Yanzu abin da ya sani kawai shi ne safar yayanki."

Ta tambayi Auta abin da ta tuna daga bayanin ranar nan. Auta ta ce abu na farko. Anti ta ce na biyu fa? Auta ta sunkuyar da kai.

Anti ta ce na biyu shi ne kada a matsar da abu daga inda yake. Wurin da abu ya faɗi shi ma shaida ne. Idan ka kai shi wani wuri, sai ya fara nuna wanda ba shi da laifi. Na uku kuma, dole a san hannun da shaida ta bi, daga wa zuwa wa. Shi ya sa take rufe ambulan, ta sa hannu, wani ya gani. Shaidar da ta yi yawo a ɓoye, ko alƙali ba ya sakin jiki da ita.

Shugaba ya tambaya ko yanzu an wanke yaron. Anti ta ce ba ta iya cewa haka tukuna. An san yadda sukudireba ta shiga jaka, amma ba a san wanda ya yar da ita ba. Mutum yana iya aron takalmi. Da zanen yatsa yana nan, da yanzu an gwada da na Yaya, kowa ya huta.

Shugaba ya ce Yaya ya zauna a gida sai an gama bincike.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi wa Auta nauyi. Kullum da safe takan sa kayan makaranta, Yaya kuwa yana zaune bakin taga da littafi a cinya, shafi ɗaya ba ya juyawa. Bai zage ta ba. Bai ma ɗaga mata murya ba. Ya daina tsokanarta ne kawai, wannan ya fi duka zafi. Wata maƙwabciya ta shigo wai jaje, amma idonta na kan ƙarƙashin gado. Umma ta raka ta har ƙofa.

Ranar da ba makaranta, Auta ta bi Baba shago. Gyaran agogo yake yi. Ta zauna tana kallon yadda yake cire ƙananan ƙusoshi, yana jera kowace a gurbinta a kan farin ƙyalle.

Bai ɗago kai ba ya ce, "Auta, yau ni zan yi tambaya. Mai gadi yana kusa. Me ya sa ba ki kira shi ba?"

Ta ce tana tsoron kada yara su taka wurin.

"Bokiti ya yi maganin wannan. Me ya sa ba ki kira shi ba?"

Ta daɗe tana wasa da bakin mayafinta. Can ta ce, "Ina so a ce ni ce na gano."

Baba ya ajiye abin hannunsa. Ya ce ya ji daɗi da ta faɗa da bakinta. Ya ce son taimako abu ne mai kyau, kuma ya san shi ya fara kai ta wurin. Amma da son a yaba mata ya shigo, sai ya rufe mata ido. Ya ce ba shi za ta ba haƙuri ba.

Da suka koma gida ta sami Yaya a bakin taga. Ta tsaya a gabansa ta faɗa masa abin da ta faɗa wa Baba. Ya dube ta, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Duk kayan da ke duniya, sai safata? Ko wanki ba ta gani ba."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. Ya matsa mata wuri, ya miƙa mata littafin, ya ce tunda tambaya ce sana'arta, ta yi ta yi masa.

Ana saura kaɗan a fara jarrabawa, Anti Sufeto ta dawo makaranta. Abokin aikinta yana rungume da kwali, madubin yana ciki. Ashe wani mutum ne ya kai madubin wani ɗakin gwajin jini zai sayar. Mai wurin ya ji labarin satar, sai ya kira 'yan sanda. Mutumin yana cikin waɗanda suka yi fentin tagogi, a nan ya ga madubin. Da farko ya ce tsinta ya yi, bai taɓa zuwa bayan ɗakin ba. Sai aka ɗora takalminsa kusa da farin sawun nan. Tsagar dunduniya ta zauna daidai. Daga nan ya daina musu.

Shugaba ya tara makaranta. Ya kira Yaya gaba, ya ba shi haƙuri a gaban kowa. Malamin Kimiyya ya mayar masa da makullin kabad ɗin ɗakin gwaje-gwaje da hannunsa. Waɗanda suka yi magana a bayan layi suka shiga kallon takalmansu.

Anti Sufeto ta kira Auta. Ta ce yarinyar nan ta yi abu biyu a safiya ɗaya. Ɗaya ya kama ɓarawo, ɗaya ya kusa raba yayanta da jarrabawa. Ta ce Auta ta gaya wa 'yan'uwanta bambancinsu.

Auta ta ce, "Sawun na bar shi a inda yake, na kare shi. Sukudirebar na ɗauke ta, na ɓoye."

"To, gobe idan kin ga irin wannan?"

"In tsaya daga nesa. Kada in taɓa, kada in matsar. In hana wasu shiga, in kira babba nan take."

Anti ta ce ko bokitin ma, da ta kira mai gadi sun kifa tare, da ya fi. Sannan ta ce idan Auta ta girma tana son aikin nan, akwai wuri. Amma sai ta koyi jin magana har ƙarshe.

Yaya ya zauna jarrabawarsa, ya kuma ci. Safar dai ba ta dawo ba, tana can cikin ambulan a matsayin shaida. Ranar wasan ƙarshe ya shiga fili da safa ɗaya ja, ɗaya fara. Gajere ya ce ga ɗan wasan da ƙafarsa ɗaya ke hannun hukuma.

Auta ba ta daina tambaya ba. Har yanzu Me-ya-sa ake ce mata. Amma takan bari mai magana ya kai ƙarshe kafin ta ɗaga hannu.

Yara, idan kun ga wurin da aka yi ɓarna, kada ku taɓa komai, kada ku ɗauke komai, ku kira manya. Idan ana koya muku abu, ku saurara har ƙarshe, domin wanda ya ji rabi yana iya cutar da wanda yake so. Kuma idan za ku taimaka, ku yi don a gyara, ba don a ce ku ne ba.